Mun je neman dusar ƙanƙara a duwatsun Tabuka, taɓo ya tare mu

Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ta Saudiyya ya iya hawa tudun yashi da mota gani yake ya gama iya tuƙi a duniya. Ban ga laifinsu ba, don wallahi in ka ga abin da suke yi da Land Cruiser a kan rairayi ranar Juma'a da yamma sai ka riƙe baki. Amma akwai wani tuƙin da yashi ba ya koya wa mutum, shi ne na kan dutse lokacin da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, da safe hanya a daskare, rana na ɗagawa ta koma caɓi. Shi muka je muka gano a arewacin Tabuka ƙarshen sanyin nan, kuma tunda an dame ni a WhatsApp da "ina sauran hotunan" da "wai da gaske Saudiyya ce", bari in zauna in rubuta kowa ya huta.

Eh, Saudiyya ce. Mutanenmu na gida Makka da Madina da Jidda suka sani, sai kuma zafin Arfa, shi ya sa in aka turo musu bidiyon raƙumi yana tafe cikin farar ƙanƙara sai su ce haɗin kwamfuta ne. Can arewa maso yamma, dab da iyakar Jodan, akwai jerin manyan duwatsu, babbansu Jabalul Lauz ya haura mita 2,500, wato ya ɗara Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419, wanda duk Najeriya babu dutsen da ya kai shi. Garin Tabuka kansa bai kai mita 800 ba, to kana iya barin gari da 'yar rigar sanyi guda ɗaya ka hau sama ka tarar ruwa ya daskare, don duk mita dubun da ka hau sanyi yana ƙaruwa da wajen digiri shida. Hadarin kuma daga Bahar Rum yake tasowa, ya ratso Sham da Jodan, in ya yi karo da sanyin da ya sauko daga arewa sai ya zube a kan duwatsun nan, Lauz da Alƙan da wajejen Zaita. Kuma ba ta daɗewa, kwana ɗaya biyu rana ta lashe, sai abin da ya maƙale a inuwa.

Larabawa suna da lissafinsu na sanyi. Marba'aniyya kwana 40 daga farkon Disamba, sai shubɗ, sai aƙarib daga wajen 10 ga Fabrairu, ita ce ke raka mutum har bakin rabi'i, wato lokacin da sanyi yake wucewa. A cikinta ne akwai wasu kwanaki bakwai da suke ce wa bardul ajuz, ƙarshen Fabrairu shiga Maris, sanyi ya juyo bayan kowa ya naɗe bargonsa ya jefa saman wadrob. To a wannan tsakanin ne masu hasashen yanayi suka ce akwai wani hadari da zai shigo, guruf ɗinmu ya kama da wuta.

Guruf ɗin nan fa asalinsa na sanarwar ɗaurin aure da suna da jana'iza ne na Hausawan Madina da wasu 'yan uwa a Makka, a hankali samari suka mayar da shi na kashta, wato fita yawon shaƙatawa a daji, yau ana Yanbu gobe ana Ula. Da maganar Tabuka ta taso kowa ya ce yana ciki, da aka ce a turo kuɗin mai da cefane sai rabi suka ɓace, wanda dama an saba. Waɗanda suka rage muka haɗu ranar Alhamis bayan la'asar a wata mahaɗɗa, wato gidan mai, da ke hanyar fita gari. Akwai wani malaminmu ɗalibin Jami'ar Musulunci, shi ya ce kafin kowa ya tada mota sai an naɗa amirin tafiya kamar yadda hadisi ya zo. Samari suka ce ai ba sai an yi dogon zance ba, ga Bazazzagi. Haifaffen Makka ne, kakanninsa ne suka zo daga Zariya, Hausarsa rabi Larabci ce, amma ni Bakano ba zan fasa kiransa Bazazzagi ba. Yana da Patrol sabuwa dal, kuma gaskiya a kan yashi ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba a cikinmu. Manya kuma suka ce a'a, Kawu.

Kawu mutumin Mai Wurno ne ta Sudan, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya ba sittin baya. Kafin ya haye zuwa Saudiyya ya yi shekaru yana jan babbar mota a Gadarif, yana kwaso riɗi da dawa daga gonaki, kuma duk wanda ya san baƙar lakar Gadarif da damina ya san abin da nake nufi. Motarsa wata tsohuwar shas ce, wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, fenti ya koɗe, hita sai an daki dashbod take kamawa. Bai taɓa tuƙi a kan dusar ƙanƙara ba, ya faɗa da bakinsa. Duk da haka shi aka ba, ni kuma aka ce in zauna gefensa in riƙe oba-oba.

Abu na farko da ya yi, ya ce kowa ya buɗe bonet. Ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana leƙa lagireto, inda ya ga ruwa kore ko ja ya wuce, inda ya ga farin ruwan famfo ya tsaya ya kalli mai motar.

"Ɗana, wannan ruwan in ya kwana a kan dutse zai daskare ya kumbura ya fasa maka injin. Je ka wancan shagon a zubar a zuba na kirki."

"Kawu ai shekara nawa ina zuba shi ba abin da ya faru."

"A Madina kake zubawa."

Ya duba safaya tayar kowa, ya tambayi wa ke da igiyar ja, wa ke da shebur, wa ke da kwamfuresa ta hura taya. Da ya zo kan Patrol ya daɗe yana shafa tayar da tafin hannu. Balon ce, irin ta yashi, faffaɗa mai laushi, zanenta ba zurfi. Bai ce komai ba sai "toh", muka kama hanya.

Madina zuwa Tabuka kusan kilomita 700 ne, ta Khaibar da Taima, hanya lafiyayya, sai dai kamarar Sahir mai kama masu gudu, da barci. A Taima muka fara jin canji, ana buɗe ƙofar mota iska ta mari kowa. Akwai wani ɗan Jos a cikinmu da tun daga Madina yake mana wa'azin cewa mu 'yan Kano da Sakkwato ba mu san sanyi ba, shi da ya yi makaranta a Filato ko suwaita ba ya buƙata. Ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Mun ɗan runtsa a Tabuka, muka yi asuba, aka ci ful da tamis mai zafi. Malam bai bar mu mun wuce ba sai da ya kai mu Masallacin Tauba, ya tuna mana cewa nan ne Manzon Allah (SAW) ya zo da runduna a shekara ta 9 bayan hijira, a watan Rajab, cikin tsananin zafi, dabino ya nuna a Madina ga ƙarancin guzuri da abin hawa, har munafukai suna cewa kar a fita cikin zafin nan. Mu kuma ga mu a tsaye haƙora na kaɗawa, tafiyar da muka yi a dare ɗaya da hita a kunne. Tsohuwar tashar jirgin ƙasan Hijaz ma tana nan cikin gari, layin da ya taso daga Dimashƙa ya isa Madina a 1908, ta mota muka gan ta don Kawu ya ce ba yawon tarihi muka zo ba. Abin da ya yarda aka tsaya saye shi ne farwa, babbar alkyabbar nan mai gashi a ciki, da safar hannu, da itacen wuta na waje wanda ake sayarwa a ɗaure, don saran itacen dajin ƙasar nan laifi ne mai tara, kar wanda ya ce ban faɗa masa ba. Ɗan Jos ya ce shi ba zai ɓata riyal ɗinsa ba.

Daga Tabuka arewa aka nufa zuwa Bi'ir Ibn Hirmas, sannan aka karya yamma a hanyar Haƙal. Nan ne ƙasar Hisma take, jajayen duwatsu tsaye a cikin jan yashi, ita ce dai ta miƙe har Wadi Rum na Jodan, iyaka ce kawai ta raba. Can nesa kuma ga farin abu a saman duwatsu. Oba-oba ta kaure da kabbara da ihu. Hanyar da ke hawa Lauz kanta mun tarar askar sun tare, dama in ƙanƙara ta sauka sukan rufe, ga kuma aikin gina wurin shaƙatawa na Trojena, na shirin NEOM, da ake yi a yankin a lokacin, ba ko'ina ake barin mutum ya kutsa ba. Sai muka yi wajen Alƙan, kimanin kilomita 170 daga Tabuka. Bakin kwalta cike da jama'a, iyalai sun shimfiɗa darduma, samarin ƙabilun yankin sun yi sahu suna rawarsu ta dahha suna tafi da wannan gurnanin nasu, yara suna ɗora mutum-mutumin ƙanƙara a kan bonet. Abin da ya ɓata min rai leda da robar ruwa da kofunan shayi ko'ina, wuri mai kyau haka mutum ya taso tun daga Riyad don ya gani kuma ya bar masa shara. Kawu ya tsaya wajen wani dattijo Balarabe mai tsohuwar Hilux, suka gaisa suka daɗe, dattijon ya zana masa hanya a ƙasa da sanda, ya nuna rana, ya ce wani abu yana girgiza yatsa. Da Kawu ya dawo na ce me ya ce, ya ce "cewa ya yi mu sauko kafin azahar."

Inda muka bar kwalta aka tsaya rage iskar taya, nan aka fara musu. Bazazzagi ya sauke tasa zuwa 15 kamar yadda ya saba a yashi. Kawu ya ce kowa ya tsaya a wajen 22, don a ƙarƙashin farin nan duwatsu ne masu kaifi da ba ka ganinsu, in taya ta yi laushi da yawa cikinta yana bajewa gefe, dutse ya yanke ta a inda ba ta faci. Bazazzagi ya ce "Ya Kawu, khalli ni, na san motata." Kawu ya ce "Allah ya kiyaye."

Hawan da safe ba wahala, kuma wannan ne yake ruɗin mutane. Ƙasa a daskare take, taya tana kamawa, kana jin ƙurus-ƙurus a ƙarƙashi. Ni dai ido na zuba wa Kawu. Ya sa dabal tagil, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali, tun kafin a fara hawa, giya ta biyu, ya ɗora ƙafa a totur ya bar ta a wuri ɗaya, ba ƙari ba ragi, injin yana gunjinsa a hankali. Manyan yatsunsa a waje da sitiyari, wai in taya ta daki dutse sitiyarin ya fizge kar ya karya masa yatsa, abin da ya ce ya gani da idonsa a Gadarif. Duk inda hanya ta shiga inuwa sai ya tsaya, ya fita da ƙarfen jak, ya yi tafiya a ƙasa yana caka ƙarfen cikin ƙanƙarar, nan taƙi ɗaya, nan har gwiwa, nan rami ne ruwa ya ci gefen hanya ƙanƙara ta rufe shi ta yi lumui. Ya dawo ya ce min in gaya wa na baya su bi sawunsa sak, kuma kowa ya bar ratar mota huɗu ko biyar. Gefen dutsen da ke kallon arewa rana ba ta samunsa sosai, nan ƙanƙara take taruwa, kana shan kwana ka koma gefen kudu sai ka ga ƙasa tsirara har da ɗan koren tsiro ya fara leƙowa. A hanya ɗaya, tsakanin taku ashirin.

Samari na baya suna ta ƙorafi a oba-oba wai tafiyar ta yi sanyi, a bar Patrol ta shige gaba ta buɗe hanya. Ban isar da saƙon ba.

Mun fito wani fili a sama, fari tas, ga jajayen duwatsun Hisma can ƙasa. Jama'a, manya da gemu suka koma yara. Ana jifa, ana kwanciya, ana bidiyo ana kiran sunan 'yan gida duk da babu sabis ko ɗigo. Malam da muke ganin ba ya wasa shi ya fara cusa wa wani ƙanƙara a wuyan riga. Wani ya cika kula wai zai kai wa uwargida Madina. Aka hura wuta aka ɗora shayi, Kawu ya fito da jabanarsa, tukunyar gahawa irin ta Sudan, ya daka citta a ciki, aka zagaya da kilishin da wani ya samo wajen masu zuwa Umara. Alwala kuwa sai da aka ɗumama ruwa a buta, waɗanda suka sa safa da alwala tun asuba suka yi shafa suka huta, sauran da suka cire takalmi suka wanke ƙafa a wannan iskar, kai, na ji kalmar shahada iri-iri.

Matsalar daga tukunyar kabsa ta fara. Wajen sha ɗaya Kawu ya ce a tattara, masu girki suka ce ai yanzu aka zuba shinkafa, kuma shinkafar ta ƙi nuna da wuri, don a tsawo irin wannan ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da yake yi a ƙasa ba, ga iska tana kwashe wutar. Aka ce to a yi azahar da la'asar a haɗe a ƙasaru tukuna tunda matafiya ne, aka yi, aka ci abinci, aka sake sabon shayi. Kawu yana zaune a bakin motarsa yana kallon ruwan da ya fara ɗiga daga jikin dutse, bai ƙara magana ba. Shi matsalarsa kenan a matsayin amir, in ya faɗa sau ɗaya ba ya maimaitawa.

Sai wajen biyu muka juyo, kuma hanyar da muka hau da safe babu ita. Ƙanƙarar ta saki, ta koma kamar ƙanƙarar zoɓo ta leda in ta fara narkewa a hannun yaro, ruwa-ruwa da gudaji-gudaji, a ƙarƙashinta kuma jar laka mai santsi, sawun da tayoyinmu suka bari ya zama 'yan magudanai ruwa na bi. Nan na ga Kawu ya gyara zama, har da ɗan murmushi, don an shigo gonarsa. Giya ta ɗaya a dabal tagil, ya ɗauke ƙafa daga komai, injin ne yake riƙe motar tana sauka taku-taku. In baya ya fara zamewa sai ya juya sitiyari ya bi inda take zamewar, ya ɗan taɓa totur kaɗan ta miƙe. Ya ce in faɗa a oba-oba: kar wanda ya taka kuloci, kar wanda ya danne birki, in taya ta daina juyawa mota ta daina jin sitiyari.

A wata kwana mai gangara, inda dutse yake hagu rami yake dama, muka ji "ya sattar, ya sattar" a oba-oba. Na leƙa madubi na ga Patrol tana tahowa a karkace, fitilun birki jajir. Tayar balon ta cika da laka ta zama sumul, ba abin da take kamawa. Allah ya taimaka ta yi wajen dutsen ba wajen ramin ba, tayar baya ta faɗa wani kwari da ruwa ya haƙa, ta tsaya. To da ya tsaya a nan da sauƙi, amma jinin yashi ya motsa, ya ba ta wuta yana so ya fizge ta da ƙarfi, laka na tashi sama, motar na ƙara nutsewa har cikinta ya zauna a ƙasa, sai muka ji fuuu, dutse ya tsarge gefen tayar.

Kawu ya ja birkin hannu, ya bar motar a giya, ya sa na danna wa tayoyinmu duwatsu, sannan ya taka a hankali ya hau wajen. Yaron ya fito fuska ta yi fari. Duk muna jira a yi masa tatas. Kawu ya dafa kafaɗarsa ya ce "Alhamdu lillahi ala salama, ɗana. Kawo shebur."

Aikin ya ci mu har rana ta yi ja. Jak yana nutsewa a laka, sai da aka ciro wani katako daga bayan shas aka shimfiɗa masa. Aka ɗaga motar, aka kwashe lakar da ke ƙarƙashin cikinta da shebur da hannu, aka yi ta jido faffaɗan duwatsu ana jerawa a kwarin har ya cika, aka sa safaya. Hannu ya mutu, ba ka jin yatsunka, kana riƙe da dutse ba ka san ka riƙe ba. Da aka zo ja, wani ya rataya igiyar a ƙwallon jan tirela na bayan wata mota, Kawu ya daka masa tsawa, ita ce tsawar da na ji ya yi a duk tafiyar. Ya ce ƙwallon nan in ya ɓalle harsashi ne, gilas yake fasawa ya sami direba. Aka ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, aka yafa bargo a tsakiyar igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa maimakon ta yi bulala, aka kori kowa nesa har masu ɗaukar bidiyo. Ja ɗaya a hankali, ba fizga, Patrol ta hau duwatsun ta fito.

Saura sauka, kuma inuwa ta rufe gangaren, ruwan da ya narke ya fara komawa gilas. Kawu ya ce mota ɗaya-ɗaya za a sauke, sai ta kai ƙasa ta kira sannan ta gaba ta taso, mutum biyu suna tafe a ƙasa gabanta da tocila suna watsa tsakuwa da ƙasa a inda ke ƙyalli. Patrol kuwa shi ya karɓi makullin ya sauke ta da kansa, Bazazzagi na gefensa. Ban san me suka tattauna ba, amma da suka fito yaron yana ce masa "Ammi", wato baffa, yana riƙe masa ƙofa.

A ƙasa muka kwana cikin Hisma. Wasu suka ga wani kwari mai laushin yashi da ba iska suka ce a kafa tanti a ciki, Kawu ya ce a'a, duk ruwan da ke narkewa a sama da wanda hadari zai iya ƙarowa nan zai biyo, kuma ambaliyar kwari ba ta sallama. Muka hau tudu muka sha iska. Ya kuma hana shiga da gawayi cikin tanti, wannan kam duk shekara sai hukumar difa'ul madani, wato 'yan kwana-kwana, ta yi gargaɗi a kai, hayaƙinsa ba ya wari, mutum yana barci yake wucewa. Aka yi agashe irin na Sudan, ƙuli da yaji sun ji, ana ci ana maimaita labarin kwanar nan, kowa da yadda ya gani, har waɗanda suke can baya ba su ga komai ba sun fi kowa bayani.

Ɗan Jos fa? Tun a sama ya daina magana. Da dare ya yi na farka na ga wani abu a dunƙule a kujerar gaba ta shas, ashe shi ne, ya naɗe da farwar Kawu da dardumar salla biyu da wani buhun da aka zubo itace a ciki. Da safe ya ce wai sanyin Jos busasshe ne, wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, ba a haɗa su. Har yau a guruf in ya yi magana sai wani ya tura masa hoton buhun.

Ga mai niyyar zuwa, ni dai ba zan ce ya je da mota ɗaya ba ko da kuwa sabuwa ce daga kamfani, don sabis yana ɗaukewa da zarar ka shiga tsakanin duwatsu, kuma duk da akwai 'yan sa-kai a ƙasar nan masu zuwa su ciro motar da ta kafe kyauta, sai ka iya kiransu tukuna. A sauke taswira a waya tun daga gari, a gaya wa wani a gida inda aka nufa da ranar dawowa, a cika tanki a Tabuka, iƙama kuma tana aljihu don yankin iyaka ne, akwai shingayen bincike. Tayar da ke da zane mai zurfi ta fi balon nesa ba kusa ba. Wanda kuma zai je da iyali da yara ya tsaya bakin kwalta, ƙanƙarar wajen ta ishe su wasa.

Washegari muka gangara Haƙal, bakin tekun Aƙaba, cikin ɗan lokaci aka tuɓe farwa aka koma 'yar shara, duwatsun Sina'i na Masar suna tsallaken ruwa kana ganinsu ƙarara. Aka kai motoci wanki don lakar ta bushe a cikin ƙafafun, sitiyari yana rawa in an ɗan yi gudu. Mai kula ya buɗe ya tarar da ruwa da 'yar tsakuwa. A wani gidan kifi ma'ajinmu ya fito da takardar lissafi, nan aka yi musun da ya fi na iskar taya zafi: shin kuɗin sabuwar tayar Patrol a raba wa kowa tunda tafiyar jama'a ce, ko mai ita ya biya tunda an gaya masa bai ji ba? Masu girki suka fi kowa ɗaga murya wai ya biya, sai Malam ya tambaye su wa ya riƙe mu a sama har ƙarfe biyu, wurin ya yi tsit. Ƙarshe dai aka raba biyu, rabi Bazazzagi, rabi masu kabsa, aka kuma cire Kawu daga kuɗin mai. Ya ƙi, ya zaro nasa ya ajiye a kan tebur ya tafi tada mota.